Hayar gidan sama a Maraɗi: Abin da mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji ke tararwa

A duk ƙarshen damina, lokacin da makarantu ke shirin komawa, hanyar ƙasa mai lamba 1 kan yi ta kwararo masu neman muhalli zuwa birnin Maraɗi. Daga gabas akwai mutanen Gazawa da Agye da Cadawa, daga yamma kuma na Gidan Rumji da Tibiri. Wasu malamai ne ko ma'aikatan lafiya da aka yi wa canjin wurin aiki, wasu ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ne, wasu kuma 'yan kasuwa ne da harka ta buɗe musu a birni.

Mai ɗan hali a cikinsu, abin da dillali ke fara nuna masa shi ne gidan sama: shaguna a ƙasa, a sama kuma katafaren falo da ɗakuna biyu ko uku, da tayil da manyan tagogi. Ga wanda ya gaji da ɗaki da falo a gidan haɗaka, inda ake layin banɗaki da asuba, wannan kamar tsuntsu ne daga sama gasasshe. Sai bayan an tare ake gano cewa kuɗin wata ba shi kaɗai ne tsadar gidan ba.

Me ya sa gida ke wuya?

Maraɗin da ake gani yau ba a mazauninta na asali take ba. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama, aka koma kan tudu aka yanka sababbin unguwanni. Tun daga nan garin bai daina faɗaɗa ba. Ƙidayar 2012 ta nuna yana da mutum kusan 267,000, kuma unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo sun ci gaba da miƙewa.

Abubuwa biyu sun ƙara matsin a 'yan shekarun nan. Tun 2019 dubban mutanen da suka guje wa 'yan bindiga a Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako yankin Gidan Rumji, inda aka tsugunar da wasunsu a wurare irin su Cadakori da Garin Kaka. Ƙungiyoyin agajin da suka biyo su sun kama ofisoshi da gidajen kwana a Maraɗi, kuma irin gidajen da suke nema su ne masu faɗi da ruwa da wuta. Na biyu shi ne ruwan sama mai ƙarfi na ƙarshen Agustan 2024, wanda ya kashe mutane ya kuma rusa gidajen ƙasa da dama a birnin. A watan Oktoban shekarar gwamnati ta rage farashin siminti, amma gini ba ya tashi a dare ɗaya.

Kuɗin shiga

A Kano ko Katsina an saba biyan haya shekara-shekara. A Maraɗi wata-wata ake biya, sai dai shigar ce ke karya baya. Mai gida kan nemi kuɗin ajiya, wato kosiyo, da na wasu watanni gaba, dillali kuma yana jiran la'adarsa.

A ɗauki misali: idan hayar wata jaka 60 ce, aka nemi wata biyu na ajiya da uku na gaba, mutum zai ajiye jaka 300 kafin ya riƙe makulli, ban da na dillali da na motar kaya. Ga ma'aikacin da bai riga ya zauna da gindinsa a sabon wurin aiki ba, wannan kan nufin sayar da dabba ko buhunan geron da aka tanada don bazara.

Nijar na da dokar haya tun 1996, amma har yau yawancin yarjejeniyoyi da baki ake ƙulla su. Ranar tashi ce ake jin jiki, lokacin da mai gida zai fara lissafin fenti da famfon da ya lalace daga cikin kuɗin ajiya, ba kuma takardar da ta nuna yadda aka tarar da gidan.

Zafi, ruwa da wuta

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi kan haura digiri 40. Rufin kankare yana wuni yana shan rana, da dare kuma ya sake ta a kan na ciki. Mazaunin gidan ƙasa sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Na sama kuwa ransa na hannun fanka. Waɗanda suka ga yadda aka kasance bayan Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023 sun san abin da hakan ke nufi.

Ruwa ma haka. A lokacin zafi famfo kan yi rauni, kuma sama ce ke fara rasawa. In babu tanki da injin tura ruwa, sai sayen na 'yan ga-ruwa, su kuma hawa matakala da jarka ba kyauta ba ne. Inda ake haɗa kwantar wuta ɗaya da shagunan ƙasa, ɗan haya na iya wayar gari yana taya mai firjin ƙanƙara biyan kuɗin Nigelec.

Gidan da ba tsakar gida

Babban abin da mutumin karkara ke rasawa shi ne fili. A bene ba a daka, domin na ƙasa ba zai lamunta ba. Ba wurin murhun itace, ba inda za a ɗaure jar akuya ko ragon layya. Tsohuwar da ciwon gwiwa ya kawo ta asibiti daga Gazawa ba za ta iya hawa da sauka sau biyar a rana ba, alhali duk wanda ya zauna birni gidansa ne masaukin dangi.

Akwai kuma batun maƙwabta. Tagar da ke leƙa tsakar gidan da mata ke zaune tana yawan kai mutane gaban mai unguwa, kuma baƙon da ya kama haya ne ke fara shan kallon banza, ba wanda ya yi ginin ba.

Duk da haka gidan sama na da ranarsa. Ruwa ba ya shiga ɗaki da damina, ɓarawo ba ya samun sa da sauƙi, ga mai shago a ƙasa kuma ya huta da kuɗin kabu-kabu. Ya fi dacewa da sababbin aure, ko ma'aikata biyu zuwa uku da za su haɗa kuɗi.

Abin da waɗanda suka daɗe a harkar ke ba da shawara a kai bai da yawa: a je duba gidan da tsakar rana ba da sanyin safiya ba, a buɗe famfo a gani, a tambayi wanda ya tashi dalilin tashinsa, a nemi kwantar wuta ta kai. Sannan a rubuta komai a takarda gaban shaidu biyu, har da yawan makullai da halin da bango yake ciki, kafin ko dala ta fita daga aljihu.