Sauke bayan mota mai rasor da kuɗi kaɗan: abin da ke yiwuwa da abin da ya kamata a gujewa

 Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya sha ganin motocin da aka sauke har cikinsu na neman shafar ƙasa. Abin na burge matasa, musamman masu bashe, Hilux ko Hiace, har wasu na tambayar makanikai ko za a iya yi masu haka ba sai an yi odar kaya masu tsada ba. Ana iya yi. Sai dai hanyoyin arha ba ɗaya suke ba: akwai wadda in ba ta yi ba sai a kwance a maida mota yadda take, akwai kuma wadda ke kashe ƙarfe gaba ɗaya.

Wannan ado ba a nan ya samo asali ba. Ya yi ƙarfi ne a Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, wurin matasa ƴan asalin Meziko da ke zaune a birnin Los Anjalas. Su ma da arha suka soma: wasu buhunan rairayi suke jibgawa a bayan mota, wasu su sa ƙarfe tsakanin rasor da pon. A 1958 jihar Kalifoniya ta hana a sauke mota har wani sashenta ya yi ƙasa da bakin ƙarfen taya, kuma dokar ba ta tashi ba sai farkon 2024. Mu riƙe wannan ma'aunin na bakin ƙarfen taya, za mu dawo gare shi.

Mene ne aikin rasor?

Rasor, wanda ƴan'uwa na Najeriya ke kira sifirin, lam-lam ne na ƙarfe da aka jera bisa juna, ƙusa guda ta ratsa tsakiyarsu. Babbar lam, wato uwa, tana da ido biyu. Idon gaba na ɗaure da shasi, na baya na rataye da jumel, ɗan ƙarfen nan mai lilo da ke bai wa rasor damar miƙewa in an yi lodi. Pon kuma, wato ƙarfen da ke haɗa tayun baya, ana ɗaure shi da rasor da birid, ƙusoshin nan masu siffar harafin U.

Abin lura, aikin rasor bai tsaya ga ɗaukar nauyi ba. Shi ke riƙe pon a mazauninsa, shi ke shanye ƙarfin tashi da na birki. Mota mai lam ba ta da wasu sandunan da za su riƙe pon in uwa ta karye. Shi ya sa wasa da rasor wasa ne da rai.

A fara leƙa ƙarƙashin mota

Kafin a kashe ko dala, a duƙa a duba: pon bisa rasor yake zaune ko ƙarƙashinsa? A Hiace da Hilux maras gaba-da-baya, galibi pon na bisa rasor. A Hilux 4x4 kuwa rasor ne ke bisa pon. Wannan bambanci shi ne komai, domin ƙarfen da zai sauke ta farko ɗaga ta biyu zai yi.

A kuma auna daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota, hagu da dama, a wuri mai daidai. Motocinmu da yawa sun riga sun sauka da kansu saboda gajiyar rasor. Irin wannan gyara take bukata, ba ƙarin sauki ba.

Hanya mafi sauƙi: kal

In pon na bisa rasor, ana sa kal, wato dunƙulen ƙarfe ko alminiyam, tsakanin su biyun. Kaurin kal shi ne yawan saukar da za a samu: kal mai santimita 5, mota ta sauka santimita 5. Alfanunsa shi ne rasor bai rasa ƙarfinsa ba, kuma ranar da aka gaji da shi sai a cire.

Amma yana da sharuɗɗa. Kal ya zama dunƙule guda, da rami a gefe ɗaya da ɗan ƙaho a ɗayan, yadda kan ƙusar tsakiya zai shige kuma pon ba zai zame ba. Ba a ɗora kal bisa kal. Ba a yin sa da katako ko guntayen ƙarfe da aka harhaɗa. Birid kuma sai sababbi masu tsawon da ya dace, tunda tsofaffin sun riga sun miƙe, kuma ba a ƙara masu tsawo da walda. Santimita 3 zuwa 5 ya wadatar. In kal ya yi tsawo da yawa, pon na samun damar murɗe rasor duk lokacin da aka taka wuta ko birki, a kwana a tashi lam ta tsage.

A nan ne ma'aunin can na Kalifoniya ke da amfani. Kal na tura rasor da wutsiyar birid zuwa ƙasa. In suka yi ƙasa da bakin ƙarfen taya, ranar da taya ta fashe ana cikin gudu su ne za su fara cakar kwalta, motar ta juya da mutane.

Sauran hanyoyin

Ana iya rage lanƙwasar lam da matsi, a sanyi, ba tare da wuta ba. Ana warware rasor, a zana siffar uwa da alli a ƙasa, a danna kowace lam kaɗan-kaɗan a wurare da yawa har hagu da dama su zo daidai. Yana aiki ga motar da rasor ke bisa pon, amma sai gwani, kuma maida shi yadda yake sai an sake wani aikin.

Akwai canza tsawon jumel. A wasu motocin Amurka doguwar jumel sauke mota take, a yawancin na Japan da muke hawa ɗaga ta take. Ko ta wace fuska, kusan rabin abin da aka ƙara ko aka rage ne ke bayyana a tsayin mota. Jumel da ta gajarce da yawa kuma na hana rasor miƙewa.

Sai juya pon daga ƙarƙashin rasor zuwa bisansa. Wannan na sauke mota santimita 12 zuwa 15 a tashi ɗaya, kuma galibi sai an yanke shasi an ƙarfafa shi don pon ya samu wurin motsi. Ya fita daga sahun aikin arha, bai kuma dace da hanyoyinmu ba.

Abubuwan da ba a yi

Na farko, gasa rasor da wutar walda har ya kwanta. Shi ne mafi arha, shi ne kuma mafi muni. Maƙeranmu sun san ƙarfen rasor sarai, tunda da tsofaffinsa suke ƙera wuƙa da gatari da kan hauya, sun kuma san cewa ƙarfe in ya sha wuta halinsa ya canza. Wurin da aka gasa ya rasa tsalle, zai ci gaba da kwantawa, hagu da dama ba za su zo ɗaya ba, ƙarshenta ya karye. Arha ba ta ado.

Na biyu, zare lam. Mota za ta sauka, amma nauyin da lam biyar ke ɗauka ya koma bisa huɗu ko uku. Ranar kasuwa za a gane kuskuren. Na uku, yin walda ko huda sabon rami a jikin lam.

Bayan an sauke

Duk santimitar da aka sauke, an ɗebe ta ne daga tazarar da ke tsakanin pon da robar da ke tare shi a jikin shasi. Misali, in tazarar santimita 10 ce aka sa kal mai 5, saura 5. A ɗora buhu 8 na gero mai kilo 100, sai pon ya riƙa dukan robar a kowane rami. Amortisar ma tana iya kai ƙarshenta, don haka a duba ko sai an sa gajera.

Birki ya fi komai. Motocin kaya da yawa, har da tsofaffin Hilux da Hiace, suna da wani ɗan bawul a baya da ke auna lodi ta wurin saukar mota. In an sauke ta sai ya ɗauka lodi ne, ya ƙara wa tayun baya ƙarfin birki, su ƙulle bisa burji alhali mota ba komai. Lalle a sake daidaita shi. A duba tiyon birki kada ya goga wani abu. In kardan ya soma karkarwa, kusurwarsa ce ta canza, ana gyarawa da kal mai ɗan gangare. Fitilun gaba su ma za su ɗaga kai su shiga idon mai zuwa, sai an saukar da su.

Wurin aiki, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe. A tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, a datse tayun gaba. Bayan ƴan kwanaki ana hawa, a koma a sake ɗaure birid.

Wa ya dace ya yi?

Kamfani bai ɗaga bayan bashe don ado ba, ya ɗaga ne don in an yi lodi ta zo daidai. Motar da ke yawo cikin Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram, ba ta ɗaukar kaya, tana iya jure santimita 3 zuwa 5, kodayake tudun rage gudu da ke mashigar garuruwa zai riƙa tuna wa direba. Amma wadda ke ɗauko albasa daga Galmi, ko take bin rairayi da ƙoramu zuwa kasuwannin ƙauye, a bar ta yadda take. Tankin mai, salansa da tayar safiya duk sauka suke yi tare da jikin mota, kuma da damina kowa ya san abin da hakan ke nufi.

Ƴan'uwa mazauna waje masu aiko da mota ko kuɗin gyara, ku tambayi aikin da motar za ta yi kafin ku amince. Masu son yi a can kuma ku fara bincikar doka da kamfanin inshora, domin a ƙasa kamar Jamus irin wannan canji sai da amincewar masu binciken motoci. In kuɗin kaɗan ne, lam mai lafiya, amortisar da birki su ne a gaba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.