Ko Kun Sani?

Hanyar abinci da hanyar iska sun haɗu a maƙogwaro, don haka duk lokacin da mutum ya yi haɗiya numfashinsa yakan tsaya na ɗan lokaci, wani ɗan marfi na guringuntsi kuma ya rufe bakin hanyar huhu har lomar ta wuce. Idan dariya, kuka ko gudu suka katse wannan tsari, sai a ƙware.

A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, inda gyaɗa ke cika gida da kaka, haɗarin ya fi yawa ga yaran da ba su kai shekara 3 ba, domin turamen haƙoransu ba su gama fitowa ba. Ƙwayar gyaɗa ta fi faɗawa reshen dama na huhu, wanda ya fi faɗi da miƙewa, inda takan kumbura, manta ya jawo kumburi, kuma sau da yawa hoton ƙirji ba ya nuna ta. Lafawar tari ba ta tabbatar da fitarta, saboda haka yaron da ya ƙware sannan numfashinsa ya riƙa ƙara yana bukatar asibiti a ranar.