Ƙwarin da Tururuwa Ke Kiwo a Lambu

In mai lambu ya ga tururuwa tana hawa tana sauka a jikin lemo ko gwaiba ko furannin shinge, to, ya juya bayan ganye ya duba. Sau da yawa zai tarad da waɗansu ƙananan ƙwari maƙale, kamar kaska a jikin saniya, kowanne rufe da ɗan ɓawo. Ba su motsi, har a zaci ƙurajen itace ne. Alhali kuwa ruwan jikinsa suke tsotsa, ganye ya yi rawaya ya zube, 'ya'ya su ƙanƙance, kuɗi ya ragu a kasuwa.

Ƙwarin nan suna fid da wani ruwa mai zaƙi irin na darɓa. Shi ke jawo baƙin nan mai kama da kunkunniya da ke rufe ganye. Shi ne kuma nonon tururuwa. Watau kiwonsu take yi, tana korar duk ƙwaron da ya zo cinsu.

Masu cinsu kuwa ba abin rainawa ba ne. A shekarar 1888 irin waɗannan ƙwari sun kusa gamawa da gonakin lemo na Kalifoniya a Amurka. Sai aka kawo wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi daga Ostareliya aka saki, ya bi su ya cinye. Saboda haka maganin feshi mai ƙarfi yakan ƙara ɓarna, don yana kashe mataimakan manomi, masu ɓawo kuwa su tsira.

Da fari dai a tare makiyayin. A ɗaura tsumma a gindin itacen, a shafe shi da abu mai danƙo, a datse rassan da ke taɓa ƙasa ko bango. Reshen da ƙwari suka cika a sare a ƙone. Sa'an nan a kaɗa man gyaɗa kashi 4 da sabulun ruwa kashi 1 har ya yi fari, a zuba babban cokali 4 cikin galan guda na ruwa, a fesa har bayan ganye. Man yakan toshe musu numfashi. Da yamma ake yi, don da rana ganye yakan ƙone. A maimaita bayan kwana 10, saboda ƙananan da za su ƙyanƙyashe.

Kada kuma a bar itace da ƙishirwa lokacin bazara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.