Tsoron sabon magani a Zariya: abin da waya ke iya tantancewa, da wanda ya fi ƙarfinta

Da zarar an ce za a fara wata sabuwar allurar riga-kafi, kafin ma'aikatan lafiya su shigo lungunan Gyallesu, saƙon murya ya riga su isa. Wani ya turo daga guruf ɗin 'yan makaranta, wata ta tura wa 'yan gidansu, kafin la'asar an yanke hukunci: "kada a yarda." Ɗaliban Kongo da ke haya a unguwar kan yi wa abin dariya. Amma tsoron iyayen yana da tushe, kuma wani ɓangarensa a Zariya ya faru.

A watan Nuwamban 2008, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na cikin asibitocin farko da aka riƙa kai wa jarirai waɗanda fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta daina aiki. Bincike ya kai ga wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa da ke Legas. An samu diethylene glycol a cikinsa, sinadarin da ake amfani da shi a masana'antu, wanda ke lalata ƙoda. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 suka rasu a faɗin ƙasar. A 2013 kotu ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai.

Kafin wannan akwai na Kano, wanda ya fi tsayawa a ran mutanen Arewa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Sha ɗaya suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba Trovan, shida cikin waɗanda aka ba maganin da aka saba. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya ba jita-jitar 2003 ƙarfi, lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohin Arewa, cutar kuma ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Abin mamakin shi ne inda zargin ke sauka. Gidan da ya rufe wa mai allura ƙofa, shi ne zai kira mai tallan magani a faranti, wanda rana ta gasa tun safe, a sayi ƙwaya biyu babu kwali, babu ranar lalacewa. A nan ne waya ke da amfani.

Tun 2010 hukumar NAFDAC ta kawo tsarin tantancewa ta saƙon tes. A jikin kwalin magunguna da yawa, musamman na zazzaɓin cizon sauro da masu kashe ƙwayoyin cuta, akwai wani ɗan wuri da ake kankarewa kamar katin waya. Sai a tura lambobin da suka bayyana zuwa gajeriyar lambar da aka buga a kwalin, misali 38353. Kyauta ne, ba ya buƙatar data, ko ƙaramar waya ma tana yi. Amsa za ta dawo cewa maganin na ainihi ne ko kuma kada a sha. A yi wannan a gaban mai kemis, tun kuɗi bai bar aljihu ba, kuma kada a karɓi kwalin da aka riga aka kankare.

Idan babu wurin kankarewa, akwai manhajar Greenbook ta hukumar. Ana rubuta sunan magani ko lambar rajistarsa, sai a duba ko sunan kamfani da ƙarfin maganin sun yi daidai da na kwalin. Masu jabu kan kwafi lambar wani maganin su manna, don haka ganin lamba kaɗai bai isa ba.

Sai dai tes ɗin na da iyaka. Abin da yake tabbatarwa shi ne kwalin daga kamfanin ya fito. Bai san abin da aka zuba a tukunyar haɗi ba. Gubar My Pikin daga masana'antar kanta ta taho, kuma likitocin da suka lura yara na zuwa da ciwo iri ɗaya ne suka tona ta. Saboda irin haka aka kawo manhajar Med Safety a 2020: wanda ya sha magani ko aka yi wa allura ya ga ƙuraje, kumburi ko ɗaukewar fitsari, bayan ya garzaya asibiti, zai iya shigar da sunan maganin, lambar rukunin da aka buga a kwalin da abin da ya gani. Rahoton kai tsaye yake zuwa NAFDAC, don haka kada a yar da kwalin sai an kwafi lambar.