Idan Likita Ya Yi Nisa, Da Wane Ilimi Nas Ke Duba Mara Lafiya?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya ƙaramin asibiti a ƙauyukan da ke tsakanin Bolgatanga da Bawku, ko kuma ta wajen Yendi da Salaga, ya san cewa sau da yawa wadda muke ce wa "dokta" nas ce. Ita za ta auna shi, ta yi masa tambayoyi, ta ba da magani, ita ce kuma za ta yanke hukuncin ya koma gida ko kuwa a nemi mota a wuce da shi babban asibitin Bolga ko na Tamale. Wani lokaci rayuwar mutum a kan wannan hukunci take ratayawa, shi ya sa muka ga ya dace mu duba irin ilimin da take dogara da shi.

Nas mai zurfin horo, wato wadda aka ƙara wa karatu har ta iya gano cuta ta kuma rubuta magani, ba sabon abu ba ce. A Jami'ar Colorado ta Amurka aka faro tsarin a 1965, inda wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka haɗa kai saboda ƙarancin likitoci a karkara. A nan Gana kuwa, Jami'ar UDS ta Tamale ta soma irin wannan horo a farkon shekarun 2000 da haɗin gwiwar wata makaranta ta ƙasar Kanada, sannan wata doka ta 2011 ta ba da damar kafa kwalejin ƙwarewa ta nas-nas da ungozomomi.

Cikin abin da ake koya musu akwai ra'o'in aikin jinya, kusan a ce mazhabobi ne, kowace da mai ita da littafinta. Wasu na yi musu kallon abin haddacewa don cin jarrabawa kawai. Mu dai ba haka muke gani ba, domin ra'in da nas ta riƙe shi ke nuna mata tambayar da za ta yi bayan ta ajiye ma'aunin zafi.

Florence Nightingale ce kan gaba, a littafinta na 1859 ta dage a kan iska mai kyau, da ruwa mai tsabta, da haske, da rage cunkoso. Wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996 da 1997, wadda ta kama dubban mutane a arewacin ƙasar nan, ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da cunkoso a ɗaki ɗaya ke jawowa a lokacin bazara.

Wanda ya fi tasiri a kan cututtukan da ba sa warkewa gaba ɗaya shi ne ra'in Dorothea Orem na 1971. Ita cewa ta yi aikin nas shi ne cike giɓin da ke tsakanin abin da mutum ke bukata da abin da zai iya yi wa kansa: wani a yi masa komai, wani a kama masa, wani kuma a koya masa kawai. A ce ga ɗan kasuwa mai ciwon sukari ya zo ana saura mako guda azumi. Nas ɗin da ta fahimci Orem ba za ta tsaya ga miƙa ƙwayoyi ba. Za ta duba ko jikinsa zai ɗauki azumin, in zai ɗauka ta daidaita masa lokutan shan magani da buɗa-baki da sahur, ta nuna masa cewa in ya ji jiri da karkarwa da gumi to ya karya nan take, tunda shari'a ma ta yi wa mara lafiya rangwame.

Sai dai a nan muke da ja da Orem. Ita maganar kula da kai take yi, mu kuwa a zango ko a ƙauye mara lafiya ba shi kaɗai ke da kansa ba. Matarsa ke dafa abincin, ɗansa ke ɗauko shi a babur, idan mace ce kuwa, sau da yawa sai maigida ko uwar miji sun yarda kafin ta fita. Nas ɗin da ta koyar da shi ta manta da mai girkin, aikin baban giwa ta yi.

Wannan gaskiya a nan kusa da mu aka gwada ta. Daga 1994 Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo, ƙarƙashin Dokta Fred Binka, ta fara gwajin fitar da nas-nas daga asibiti a zaunar da su cikin ƙauyukan Kassena-Nankana, a gidajen da jama'a suka gina musu, suna bin gida-gida bayan an nemi amincewar sarakuna da dattawa. Sakamakon ya nuna mace-macen ƙananan yara sun ragu ƙwarai a inda aka zaunar da nas, alhali inda aka bar 'yan sa-kai kaɗai ba a sami haka ba. Daga nan ne aka sami tsarin CHPS da ya bazu a ƙasa baki ɗaya.

Idan ana neman ra'in da ya fi kusa da darasin Navrongo, to na Madeleine Leininger ne, wata nas da ta yi zaman bincike cikin mutanen Gadsup na Papua New Guinea a shekarun 1960. Ta raba al'adun mara lafiya gida uku: wadda za a bari, wadda za a yi sulhu a kanta, da wadda dole a sauya. Mai jegon da aka kawo wa rubutu ko addu'a, a bar ta da abinta, muddin tana shan maganinta. Wankan jego abin sulhu ne, a rage zafin ruwan. Amma kunun kanwa mai yawa, tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta shi, tare da kwanciya a kan gado mai zafi, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Shi da shafa wa cibiyar jariri abin da ba asibiti ta bayar ba, waɗannan sai an sauya, kuma ba da tsawa ake sauya su ba. Kakar jaririn ce ke yi masa wanka, don haka da ita za a zauna, a girmama ta, a yi mata bayani da harshen da take ji, Hausa ne, ko Gurune, ko Kusal, ko Dagbani.

Ba mu ce ra'i zai maye gurbin magani ko motar ɗaukar marasa lafiya ba. Nas ɗin da layi ya kai bakin ƙofa, ga takardun inshorar lafiya da za ta cike, ba ta da rabin awa ga kowane mutum. Amma tambayar "wa ke dafa maka abinci?" ko "wa zai kawo ki idan nakuda ta tashi da dare?" ba ta cin minti guda.

Abin da ya rage shi ne, kusan duk sunayen nan na Turawa ne, alhali Navrongo ba ta wuce tafiyar kilomita 30 daga Bolga ba. Muna kira ga makarantun horar da nas-nas na Bolgatanga da Bawku da Yendi, da kwalejin ƙwarewa, su sa manyan nas-nas da suka daɗe suna bin gida-gida su rubuta yadda suke shawo kan maigida da uwar miji da kaka, a riƙa karantar da shi a aji ɗaya da Orem da Leininger, a kuma sa shi cikin jarrabawa.