Mai Juna Biyu da Asma: Kada Ki Ajiye Maganinki

'Yar'uwa, idan likita ya ɗora ki a kan montelukast tun kafin ki samu ciki, kada ki daina sha don tsoro. Ki fara gaya mana a wurin awo. Duk lokacin da numfashinki ya sarƙe, iskar da ke isa ga ɗan cikinki ma raguwa take yi.

Ƙwaya ɗaya ce kullum da yamma, ko da kina jin garau. Tana rage tashin asma da atishawa da toshewar hanci. Amma in asmar ta riga ta tashi, ba ta kwantar da ita. Wannan aikin abin shaƙa ne na salbutamol, kada ya bar jakarki, balle da hunturu.

Maigida, in ka ga ta fara munanan mafarkai ko baƙin cikin da ba ta saba ba, kawo ta asibiti a ranar.