Keken guragu ƙafa ne, a kula da shi

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan uwanmu masu keken hannu da babur mai ƙafa uku, da kuma abokan sana'ata.

Ni mai gyaran keke ne a Kano. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a daminar bara wani abokin cinikina mai tallan goro da alawa ya faɗa kwata da kekensa, saboda waldar da ke riƙe da tayar baya ta ɓalle. Kayan suka jiƙe, jarin ya tafi, shi kuma ya yi sati uku a gida. Wallahi tsagar ta daɗe a wurin, ba wanda ya leƙa. Mai ƙafa in kekensa ya lalace sai ya tura shi gida. Wanda shan inna ta taɓa fa, ina zai tura?

To ga shawarata. Kowace safiya a matsa tayoyin nan uku da hannu. Taya maras iska ita ke gajiyar da kafaɗa, ita ke cinye tib. Sarƙa kuwa, a wanke ta da kananzir duk sati biyu, a goge, sannan a ɗiga mata mai kaɗan. In an labta mai da yawa, ƙurar hunturu ce za ta manne ta zama kamar yashi, ta cinye haƙora. Da damina kada keke ya kwana a ruwa, domin tsatsa daga cikin bututun ƙarfe take farawa. In an ji taya tana ƙara ko tana rawa, boris ne ke neman giris, ko noti ya kwance. A riƙa duba duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin kujera. Birki kuma ba a ɗaga masa ƙafa, ranar da ya yi sanyi ranar za a gyara.

Kujerar ma a sa mata soso mai kauri. Zama a kan katako yini guda yana jawo gyambo, kuma maganinsa ya fi soso tsada.

Masu babur da aka ƙara wa taya, ku sani injin yana jan nauyin da ya fi wanda aka ƙera shi dominsa. Ku riƙa juyen baƙin mai a kan kari, ku wanke filogi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, injin da ke shan mai ba gaira ba dalili riba yake cinyewa.

Abokan sana'ata, mu ji tsoron Allah. In mai keken nan ya zo, a fara da shi, domin ba zai iya barin keken ya dawo gobe ba. Kada a sa masa tsohon boris a ce sabo ne.

Ga hukuma kuwa, an sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a Janairun 2019, aka ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ku zaga kasuwanninmu da tashoshin mota ku ƙirga matakala. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka a 2020, mun gode Allah, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Masu raba kekuna, ku haɗa da famfo da sifana da kayan faci, ku kuma saya a hannun naƙasassun da ke ƙera su a nan Kano.

Allah Ya sa mu gyara.

Naka,
Mai gyaran keke, Kano.